Tarihin Kalmar "Observe" Da Darasin Da Ke Cikinta Ga Bahaushen Jalingo

  Yau rubutun namu ya karkata ne ga tarihin wata kalma ta Turanci, wato observe, wadda duk wanda ya zauna a ajin sakandare ya sha cin karo da ita. Wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwa da asalin kalmar Turanci? To mai karatu biyo ni a hankali. Za ka ga cewa tarihin wannan kalma ya ratso ta kogin Binuwai, ya taɓo kafuwar garin nan da muke zaune a ciki, kuma yana da abin da zai koya mana game da zama da mutanen da muka tarar.

Asalin Kalmar

Da farko dai ita wannan kalma ba haifaffiyar Ingila ba ce, zuwa ta yi ta zauna har ta zama 'yar gari. Tushenta yana cikin Latin, harshen Rumawan da, inda ake cewa observare. Gaɓa biyu aka haɗa: ob, mai nufin "a gaban" ko "wajen", da kuma servare, mai nufin tsarewa, kiyayewa ko adanawa. Idan ka haɗa su sai ka samu hoton mutum tsaye a gaban wani abu yana tsaronsa, kamar makiyayi da garkensa.

Daga Latin kalmar ta gangaro cikin tsohon Faransanci. A shekarar 1066 William na Normandi ya ƙetaro teku ya ci Ingila da yaƙi, daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu a ƙasar na tsawon ɗaruruwan shekaru, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Turanci. Ta wannan ƙofa observe ta shiga, aka fara ganinta a rubuce-rubucen Turanci a ƙarshen ƙarni na 14. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, don haka Larabci ya yi wa Hausa. Kalmomi irin su alƙali, hukunci, shari'a da littafi duk ta ƙofar fada da makaranta suka shigo mana.

Ita servare tana da wasu 'ya'yan a Turanci, kamar preserve da conserve da reserve, dukkansu kuwa maganar adanawa suke yi. Unguwar da ake kira GRA a manyan garuruwanmu, harafin tsakiya na sunanta daga nan ya fito, wato wurin da gwamnati ta keɓe. Haka nan aikin da ake yi a gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya zama gandun ƙasa a 1991 kuma shi ne mafi girma a Najeriya, da 'ya'yan wannan kalma Turawa suke kiransa.

Yadda Ma'anarta Ta Yi Rassa

Abin da zai ba ka sha'awa shi ne, lokacin da kalmar ta shiga Turanci ba kallo take nufi ba. Ma'anarta ta fari ita ce kiyaye doka, ko al'ada, ko ranar ibada. Wannan ma'ana tana nan da ranta. Duk taron gwamnati ko na siyasa da ka je a Jalingo za ka ji mai jawabi, don gudun jero sunayen manyan baƙi, ya ce all protocols duly observed, ma'ana an ba kowa girmansa yadda tsari ya tanada. Haka idan aka ce a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da wanda ya rasu, da wannan kalma ake faɗa.

Sai a ƙarni na 16 ma'ana ta biyu ta yi ƙarfi, wato zuba wa abu ido da natsuwa don a gane halinsa. Wajen farkon ƙarni na 17 kuma ta uku ta biyo baya, wato mutum ya furta abin da ya lura da shi. Ka ga jerin ya tafi daidai: ka tsare abu, tsaron ya sa ka san shi, sanin ya ba ka ikon magana a kansa.

Ma'ana ta biyu ta bunƙasa ne tare da ilmin kimiyya. A 1610 Galileo, mutumin Italiya, ya ɗaga madubin hangen nesa sama ya gano watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari. A 1675 Sarki Charles na Biyu ya sa aka gina gidan duban taurari a Greenwich, kusa da Landan, irin gidan da Turawa ke kira observatory. A 1884 aka yi taro a Washington aka amince a riƙa auna taswirar duniya daga layin da ya ratsa wannan gida. To shi ne asalin "agogon GMT" da iyayenmu ke ji a Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957. Duk sanda aka faɗi lokaci a agogon GMT muka ƙara awa ɗaya don mu samu na Najeriya, da gidan duban taurarin nan muke lissafi ko ba mu sani ba.

Kada a ɗauka Turawa ne suka fara wannan aiki. Tun a 1259 aka kafa babban gidan duban taurari a Maraga, cikin ƙasar Iran ta yanzu, ƙarƙashin Nasiruddin al-Tusi. Bayansa Ulug Beg ya gina nasa a Samarƙand a farkon ƙarni na 15. Mu ma nan muna da namu rabon, don duk ƙarshen Sha'aban mutane kan fita duban wata, idan an gani a kai labari, Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato, washegari a tashi da azumi. A Turanci duban watan da riƙon azumin duk da kalma ɗaya ake iya faɗinsu, wato tsohuwar ma'ana da sabuwa sun haɗu a dare guda.

Mu Fa, Me Muke Cewa?

Hausa ba ta tara wannan aiki a kan kalma ɗaya ba, rarraba shi ta yi. Muna da gani, wanda ko ba ka yi niyya ba idonka zai yi. Muna da kallo, wanda ake yi wa dambe ko ƙwallo ko hawan salla, a tashi a watse. Muna da duba, wanda ke da manufa, kamar duba mara lafiya ko duba littafi. Akwai hange na abin da ke nesa, akwai leƙe na abin da ke ɓoye. Sai lura, wato ka gani ka kuma riƙe a zuciya. Sai kula, wadda ta haɗa lura da ɗaukar nauyi, shi ya sa ake cewa kula da yara, kula da shago.

Amma wadda ta fi kusa da asalin observe ita ce kiyaye. Muna cewa Allah Ya kiyaye hanya, wato tsaro. Muna cewa a kiyaye doka, wato biyayya. Muna cewa ka kiyaye abin da na faɗa maka, wato riƙewa a rai. Bahaushe da Barume ba su yi shawara ba, amma kowannensu ya gano cewa tsaro da lura da bin ƙa'ida 'yan ɗaki ɗaya ne.

Akwai kuma sa ido, wadda ke da fuska biyu. Idan lokacin zaɓe ya zo, kafafen labarai sukan kira wakilan Tarayyar Turai da na ECOWAS da "masu sa ido", kuma aikin kirki ake nufi. Amma a unguwa idan aka ce wane ɗan sa ido ne, to zagi ne, har ana rubutawa a jikin mota cewa sa ido sana'ar banza. Ka riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Masu Lura A Kan Binuwai

Yanzu mu dawo gida. A watan Yuni na 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba, bayan 'yan kwanaki ya sallame shi. Amma mutumin ya riga ya yi aikinsa. Yana jin Hausa, yana tambayar fatake sunayen garuruwa da nisan da ke tsakaninsu, yana rubuta komai. Labarinsa ya isa Landan cewa ga wani babban kogi da jirgi zai iya bi.

Shekara uku bayan haka, a 1854, Dakta William Baikie ya hau Binuwai da jirgin ruwa mai suna Pleiad, tare da Samuel Ajayi Crowther, har suka ziyarci ƙasar Muri. Suna tafe suna auna zurfin ruwa, suna zana taswira, suna rubuta kayan da ake sayarwa da harsunan da ake ji. Sun kuma jarraba shan kwinin don rigakafin zazzaɓi, aka dawo ba wanda ya mutu a tafiyar, abin da ya buɗe wa Turawa ƙofar shigowa cikin ƙasa. Mutanen bakin kogi sun fito sun yi kallon jirgi, mutanen cikin jirgi kuwa lura suke yi. Bayan masu rubutu sai 'yan kasuwa suka biyo. A 1886 kamfanin George Goldie ya samu takardar izini daga Ingila ya zama Royal Niger Company, Ibi kuma ta zama babbar tasharsa a kan Binuwai.

Su ma Faransawa ba su zauna ba. Masarautar Muri, wadda Hammaruwa ƙanin Buba Yero na Gombe ya kafa wajen 1817, ta samu kanta a tsakanin masu zawarci biyu. A 1892 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Louis Mizon, ya zo ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Muhammadu Nya, ya kuma taimaka masa da bindigogi wajen yaƙar garin Kona na Jukunawa a ƙarshen wannan shekara. A 1893 sansanin da aka kafa kusa da Kona ya zama mazaunin sarki, shi ne Jalingo, sunan da ake dangantawa da kalmar Fulatanci mai nufin rinjaye. A wannan shekara aka janye Mizon saboda ƙorafin Ingilishi. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugard ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa daga Lokoja, a 1901 kuma aka ci Yola. Daga zuwan mai littafin rubutu zuwa zuwan mai igwa, shekara hamsin ce cif.

Bayan an kafa mulki ma ba a daina lura ba. Di'o yana fita rangadi, ana ƙirga mutane da shanu saboda haraji da jangali. Gwamnati ta ɗauki masu nazarin al'adu aiki, irin su C. K. Meek wanda ya fitar da littafinsa kan Jukunawa a 1931. A 1934 kuma ƙamusun Bargery na Hausa ya fito. Sun san mu ciki da bai, shi ya sa 'yan tsirarun mutane suka iya juya ƙasa mai faɗi haka.

Kalmomin Da Suka Bar Mana

Ita observe ba ta shiga Hausa ba, don muna da abin da ya ishe mu. Amma 'yan'uwanta na aikin tsaro sun shigo sun zauna daram. Gadi daga guard ta fito. Sintiri daga sentry, wato sojan da ke tsaron ƙofa. Sufeto daga inspector, wadda asalinta na Latin ke nufin duba cikin abu. Safiyo daga survey, mai nufin dubawa daga sama. Hatta 'yan banga daga vanguard suka samo suna, a zamanin jam'iyyun siyasa. Inda ba mu ara ba kuma muka ƙirƙira, kamar dubagari, ma'aikacin tsafta mai shiga gida-gida yana leƙa randa da kwata.

Dalilin shigowar waɗannan bai ɓuya ba. Tun 1863 John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, sannan da aka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897 ƙarƙashin Lugard, Hausa ta zama harshen bariki. Daga bakin soja da ɗan sanda kalmomin suka fito kasuwa. Ka lura kuma, duk sunayen muƙamai ne ko ayyukan hukuma. Ma'ana abin da ya iso gare mu daga wannan gida na kalmomi shi ne ɓangaren da ake sa mana ido da shi.

Yadda Kakanninmu Suka Yi

Sai dai kafin Bature ya zo da littafinsa, fatakenmu suna da tasu makarantar lura. Ayari ba ya tashi sai da madugu, wanda ya san rijiyoyi da mashigai da halin kowane sarki a kan hanya. Idan aka isa gari ba a afka masa kai tsaye. A zango ake sauka, a nemi mai masauki, a kai wa sarkin gari gaisuwa, a tambayi abin da aka hana da ranar da kasuwa ke ci, sannan a kwance kaya. Wannan shi ne observe da ma'anoninta biyu na farko: ka lura da mutane, ka kiyaye dokarsu. Da wannan hali Bahaushe ya kai Gwanja neman goro, ya kai Adamawa neman hauren giwa, ya kafa zango a Kumasi da Sabo a Ibadan. A Wukari akwai Abakwariga, waɗanda asalinsu Hausawa ne, sun daɗe a cikin Jukunawa har suka zama wani ɓangare na garin.

Har yanzu ɗan kasuwa na gari da lura yake ci. A shagon mahaifina na koyi cewa tun daga tsayuwar mutum ake gane mai saye da mai taya kawai. Manyanmu sun san lokacin da doyar Mumuye ke fitowa daga Zing da Yorro, sun san lokacin kifi a Ibi da Lau, sun san idan ruwa ya yi yawa hanyar Mambila za ta yi wuya kaya su yi tsada. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ba sai an gaya musu amfanin bin labarin kogi ba. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Tambayar ita ce, wannan lura da muke yi wa kaya da farashi, muna yi wa maƙwabtanmu irinta? Jalingo ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka cire Taraba daga Gongola, kuma jiha ce mai ƙabilu masu ɗimbin yawa. Da yake kusan kowa yana jin Hausa, mu ne muka fi kowa samun sauƙi, sauƙin nan kuma shi ke sa mu lalaci. Da yawanmu an haife mu a nan, amma ba za mu iya gaisuwa da Mumuye ko Jukun ba, ba mu iya bambance Jenjo da Wurkun, ba mu san abin da ya faru a Kona a 1892 ba, alhali mutanen Kona suna nan tare da mu kuma tarihin nasu ne. Ido wa ka raina, in ji masu magana, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Najeriya ikon zama a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito. Wannan haƙƙinmu ne, ba mu roƙon kowa. Amma takarda ba ta kashe wuta idan ta tashi. Rikicin Wukari na 2013, wanda ya ɓarke a Fabrairu ya sake dawowa a Mayu, ya ci rayuka da gidaje da shaguna a kowane ɓangare, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa dukiyar shekara ashirin tana iya ƙonewa a yini ɗaya.

A ɗakin gwaje-gwaje na sakandare, malamin kimiyya yakan sa mu raba takarda gida uku: gwajin da ka yi, abin da ka gani, sannan hukuncin da ka yanke. Wanda ya tsallake gidan tsakiya ya rubuta hukunci, ya faɗi. Yawancin fitinun da ke tashi a garuruwanmu daga tsallake wannan gida suke farawa. An ce an ce, wani ya turo saƙo a waya, kafin a tabbatar an rufe kasuwa, matasa sun ɗauki sanduna. Gani ya kori ji, kuma wanda bai gani ba ya kamata ya riƙe bakinsa da yatsansa.

Don haka shawarata ga 'yan'uwana matasa ita ce mu bar sahun 'yan kallo, waɗanda sai abu ya lalace su taru, mu kuma nisanci sa ido irin na zargi, wanda ke mayar da maƙwabci abokin gaba. Mu koma ga kiyayewa irin ta fatake. Mu koyi gaisuwa da harshen maƙwabci ko da kalma biyar ce. Mu san ranakun ibadarsa da bukukuwansa mu girmama su, kamar yadda muke so ya girmama Juma'armu. Idan an yi masa rasuwa mu je ta'aziyya. Mu san mai unguwarmu da kansilanmu, mu yanki katin zaɓe a inda muke zaune, mu biya kuɗin da doka ta ɗora mana mu karɓi rasit. Idan muka ga baƙuwar fuska ko wani motsi da ba mu gane ba, mu kai wa dattawa da hukuma, kada mu yanke hukunci da kanmu. Sannan mu zauna da tsofaffinmu mu tambaye su yadda suka zo garin nan, wa ya sauke su, wa ya ba su fili, mu rubuta, don kada sai wani ya zo daga nesa ya rubuta mana.

Allah Ya kiyaye mu, Ya kiyaye maƙwabtanmu, Ya zaunar da Jalingo da Taraba da Najeriya baki ɗaya lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.